Hajar da Waya Ta Kasa Haɗiyewa

Haja ba ta yin sallama idan za ta bar kasuwa. Wata Lahadi za ka gan ta jibge bisa tebur ana ciniki ana rantse-rantse a kanta, bayan 'yan shekaru kuma in ka tambaya sai a tsaya ana tunanin wanda aka gani da ita na ƙarshe. Duk wanda ya tashi yana zuwa kasuwar Mai'aduwa ya ga irin wannan ƙaura da idonsa. Kaset ya tafi ya ja rediyonsa. Agogon hannu ya koma kayan ado, kalkuleta ta koma ta masu jarrabawa, tocila ma ba don makiyaya da masu gadi ba da tuni ta bi sahu. Abu guda ne ya cinye su duka, wato wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001 tana hannun masu hali kaɗai, yau kuwa har a aljihun mai tallar rake.

Cikin kayan da waya ta kora akwai wanda ba kowa ya lura da tafiyarsa ba, domin masu shi yara ne, yara kuwa ba a tambayarsu labarin kasuwa. Ina nufin gem ɗin hannu. Wani ɗan allon roba ne da bai fi tsawon tafin hannun babba ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. An rubuta Brick Game a jikinsa, an kuma yi alkawarin wasanni 9999, alhali in ka ƙirga tsakani da Allah 'yan kaɗan ne, sauran duk su ɗin ne aka ƙara musu sauri. 'Yan koli ke sarowa daga Kano, su rataye shi tare da bindigar roba da tabarau da agogon ƙarya. Na mallaki nawa da kuɗin barka da Sallah ina aji huɗu na firamare. Ƙananan batura biyu yake ci. Idan sun yi sanyi mu shanya su a rana, in ranar ba ta yi magani ba mu ɗan ɗanna musu haƙori, su ƙara mana rabin sa'a. Mai gem sarki ne a unguwa. Shi ke tsara layi, shi ke yanke hukunci ko mutuwar da ka yi ta gaskiya ce ko ture maka hannu aka yi, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa da ƙuli-ƙuli na masu neman a ƙara musu zagaye. Langa da dara ba su taɓa ba wani yaro irin wannan mulki ba, tun da ƙafa da ƙasa kowa na da su.

Sai da na shiga jami'a na san cewa wasan jera tubalan nan sunansa Tetris, cewa wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984, kuma abin da ke hannunmu arha ce ta masana'antun Sin wadda ta biyo bayan nasarar da Game Boy, na'urar da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989, ta samu da wannan wasa. Mu dai wutsiyar cinikin ce ta iso mana, amma ta ishe mu.

Ana yawan cewa waya ta kayar da gem ɗin hannu ne saboda kyan hoto da yawan wasanni. Ban gamsu da wannan bayani ba. Wasan macijin nan na Nokia bai fi Brick Game da komai ba, amma shi ya fara janye mana manyan yara. Dalilin yana cikin lissafin gida. Idan yaro ya roƙi a saya masa gem, tambayar farko da zai sha ita ce, "Me yake yi?" Amsar kuwa guda ce, wasa. Waya ba ta taɓa gurfana gaban wannan shari'a ba. Dillalin shanu a kara yana ɗaukar hoton sa ya tura wa mai saye a Legas, ya ji ƙarar shigowar kuɗi tun kafin a ɗora dabbar a tirela. Ɗan canji yana jin yadda sefa ta kwana a Damagaram. Uwa tana jin muryar 'yarta da aka kai aure ƙetaren Kwangwalam. Saboda waɗannan aka biya kuɗin wayar, wasa kuma ya hau kyauta. Kawuna, wanda ya tsufa yana sayar da kayan koli da na lantarki a wannan kasuwa, ya taƙaita mini zancen da cewa kayan da aka ɗoro bisa jakin wani ba a gasar farashi da shi.

Wannan jaki bai tsaya kan 'yan kolin Mai'aduwa ba, ya kai har ƙofar kamfanonin da suka gina sana'ar. Kafin wayoyin shafawa su yaɗu, kasuwar gem ɗin hannu ta kamfanoni biyu ce na Japan. Nintendo ya fitar da DS a 2004 ya sayar da sama da miliyan 150. Sony ya fitar da PSP a wannan shekara, shi ma ya haura miliyan 70. Sai iPhone ta fito a 2007, rumbun manhajojinta ya buɗe a 2008, Android ta biyo baya, wasan da ake saye dala 30 ko 40 ya wayi gari da kishiya ta dala 1, daga baya ma ta kyauta.

A 2011 kamfanonin biyu suka fito da sababbin na'urori, kowa da amsarsa. Sony ya zuba wa Vita ƙarfi, ya sa mata wurin shafawa gaba da baya, da kyamara, har da samfurin da ke hawa layin waya. Wato ya tarar da waya a filinta ya ce a zo a gwada ƙwanji. Ya kuma ɗora wa mai saye nauyin wani katin ajiya mai tsada wanda ba ya shiga kowace na'ura sai ita. Masu son ta sun so ta ƙwarai, sai dai ba su da yawa, kuma a 2019 aka daina ƙera ta. Nokia ma ya taɓa gwada haɗa biyun daga ɗaya ɓangaren, da N-Gage a 2003, wadda sai ka cire batir kafin ka sauya wasa, ka kuma kara gefenta a kunne idan za ka amsa kira. Jemage ta zama, tsuntsaye ba su karɓe ta ba, dabbobi ba su karɓe ta ba.

Nintendo ma da ƙyar ya sha. Ya sa wa 3DS dala 250, ciniki ya yi sanyi, kafin wata 6 ya zaftare farashin zuwa dala 170, shugabansa Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa, shekarar kuɗin kuma ta rufe da asara. Masu hannun jari sun yi ta matsa wa kamfanin ya zuba wasanninsa a waya kowa ya huta. Da ya gwada da Super Mario Run a 2016, an sauke wasan fiye da sau miliyan 200, amma 'yan kaɗan ne suka yarda su biya dala 10 ta buɗe cikakkensa, har kamfanin da bakinsa ya ce ribar ba ta kai yadda yake so ba. Mai waya ya saba da kyauta, kuma sabo turken wawa. Abin da ya fid da Nintendo shi ne Switch ta 2017, na'urar da ake riƙewa a hannu a hanya, a dawo gida a jona ta da talabijin, ɗauke da manyan wasannin Mario da Zelda da Pokémon da ba a samu a ko'ina sai a kanta. Ita ma ta haura miliyan 150.

Cikin duk tarihin nan, abin da ya fi kama hankalina ya girmi waya. Lokacin da Gunpei Yokoi da abokan aikinsa suka ƙera Game Boy, da gangan suka ba ta allo marar launi da kayan ciki masu arha waɗanda an riga an san halinsu. Abokiyar hamayyarta, Game Gear ta kamfanin Sega, ta zo da launi mai ɗaukar ido, amma batura 6 take lashewa cikin 'yan sa'o'i, Game Boy kuwa 4 ne ke kai ta kwana da kwanaki. Marar launin ce ta yi nasara. Ba-Amurke zai karanta wannan a matsayin tarihi. Wanda ya taɓa shanya batir a rana, wanda kuma har yau yake kai waya wurin mai caji ya biya, zai karanta shi a matsayin labarin gidansu. Yokoi ya fahimci cewa rashin wani abu a jikin haja yana iya zama abin da ake saye.

Sai dai ban ɗauki nasarar Switch a matsayin ƙwato kasuwar da waya ta cinye ba. Tashi kamfanin ya yi daga wannan rumfa ya koma wata. Ya bar wa waya mai neman kashe minti biyar a layin banki, ya riƙe wanda ya ɗauki wasa da muhimmanci kuma yake da abin biya. Steam Deck ta kamfanin Valve, wadda ta fito a 2022, wannan mai sayen take nema. Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025 a kan dala 450, wanda a canjin lokacin ya kusa albashin wata 10 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Dabara ce mai kyau ga masu ita, amma an zana ta ba tare da an tuna akwai mu ba. Tsakanin wayar da ke hannun kowane babba da na'urar dala 450 akwai fili fetal, kuma yaran garinmu a cikinsa suke zaune.

A gidan yayata na ga faɗin filin. Tana sayar da turaren wuta da atamfofi daga cikin ɗaki, kuma shagonta kaf yana cikin wayarta: hotunan kaya, saƙonnin masu saye, sunayen masu bashi, manhajar banki. Ɗanta mai shekara takwas ba shi da wani buri a duniya da ya wuce wannan waya. Da ta ajiye ta shiga madafa ya ɗauke. Na zauna kusa da shi wata rana na ga abin da ake kira wasan kyauta. Bai yi minti uku ba talla ta tare allon, ya jira, ya ci gaba, wata ta sake tarewa. Wata ta wani wasan ce, wata ta masu ba da rancen gaggawa, wata kuwa ta cacar ƙwallo ce tsirara, da hoton kuɗi na zuba. Wanda ya yi wasan bai nemi ko kwabo daga yaron ba, domin idon yaron yake sayarwa, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon cinikin. Data na tafiya, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Caji na tafiya. Mai saye ya kira, yaro ya katse don kada motarsa ta faɗa rami. Ranar da ya goge mata saƙonnin wata mai bashi, kukan da aka yi a gidan na mutum biyu ne.

Ina da ɗan abin da na tara lokacin bautar ƙasa, ina neman inda zan juya shi. A wata tafiya Kano na ga jikokin Brick Game a wani shago: allo mai launi, tsofaffin wasanni ɗaruruwa a ciki, batir irin na ƙaramar Nokia wanda ake cirewa a caja, da igiyar jonawa da talabijin. Ba a sa musu layi, ba sa hawa intanet. Na sayo guda na kai wa Kawu rumfa. Ya juya shi gaba da baya.

"Ana kira da shi?"

"A'a, Kawu."

"Yana da tocila? Rediyo fa?"

"Babu ko ɗaya."

"To, ɗan boko, ka kawo mini abin da ba ya yin komai, kana so in ajiye shi kusa da abin da ke yin komai."

Na ba shi labarin gidan Yaya. Ya yi shiru yana danna maɓallan da babban yatsa, kamar mai gwada nunar mangwaro. Can ya ce, "Ashe ba yaro za ka sayar wa ba. Yaro ba shi da kuɗi sai da Sallah. Ka nemi wanda wayarsa ke shan wahala."

Na karanta yadda masana ke rarraba masu saye gida-gida, amma ban taɓa jin an faɗe shi a taƙaice haka ba. Daga wannan magana sauran shawarwarinsa suka fito. Ya ce kada in kuskura in baje shi a teburin waya, domin duk wanda ya gan su a jere zai kwatanta, in ya kwatanta kuwa na faɗi. Mai buƙatar abin ma ba ta zuwa kasuwa, tana cikin gida, don haka dillaliya zan nema, wadda ke shiga ɗaki-ɗaki da ƙullin kaya, wadda ta san gidan da ake rigimar waya tun kafin a gaya mata. Abin da za ta faɗa kuma ba yawan wasanni ba ne. Ta ce wa uwa ga abin da zai dawo mata da wayarta. Batirin nan ya fi burge shi da komai, tun da babu mai cajin da bai san shi ba, babu kuma kasuwar ƙauyen da ba a sayar da shi. Ya sa na kai wa wani mai gyaran waya ya buɗe cikinsa ya tabbatar zai iya sauya wurin caji idan ya lalace, domin a ganinsa hajar da ba ta da mai gyara a gari amanar mai sayarwa take ci. Da na kawo zancen masu zuwa daga Nijar da sefa, sai ya ɗaga hannu. Ya ga rufe iyaka na 2019 wanda ya kai ƙarshen 2020, ya ga na bayan juyin mulkin Yamai a 2023, ya ce in sun zo alhamdu lillahi, amma kada in sa su a lissafin uwar kuɗi.

Ya kuma nuna mini wani abu da nake wucewa kullum ban auna ba. Shagunan gem na PlayStation ba su mutu ba, alhali kowane saurayin da ke shiga yana da wasan ƙwallo a wayarsa. Yana biya ne don ya zauna kusa da abokinsa ya ci shi a gaban shaidu. Mai shagon bai taɓa gasa da waya ba, wuri da ihu yake sayarwa.

Akwai masu ganin duk wannan shiririta ce, har da wani malamin Islamiyya da nake girmamawa, wanda ya ce mini yaron da bai haddace karatunsa ba ba na'urar wasa yake buƙata ba. Ban musa masa ba. Abin da na ce shi ne yaron nan yana wasan ko an so ko ba a so ba, abin da ya rage a zaɓa shi ne a kan me. Waya ba ta ƙwatuwa, domin uwa ba za ta kulle shagonta a akwati don ta hori ɗanta ba. Gem ɗin hannu kuwa ana iya kulle shi daga Asabar zuwa Laraba, a fito da shi Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, ba wanda ya yi asarar ciniki. Baƙo ba ya aiko da saƙo ta cikinsa, mai caca ba shi da ƙofar shiga. Ya ce zai duba. Bai ce ya yarda ba.

Abin da ya fi damuna ba shi malamin ya kawo ba. Wasannin da ke cikin waɗannan na'urori masu arha kwafi ne da aka zuba ba da izinin masu su ba. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da cinikin faifan finafinan Hausa, har masu shiryawa suka koma neman abinci a YouTube, ba mu da bakin cewa ba mu san zafin abin ba. Ana iya cewa masu haƙƙin ba su taɓa kawo mana hajarsu a farashin da za mu iya ba, don haka ba cinikin da aka ƙwace musu. Hujja ce mai sanyaya zuciya, amma na lura duk mai sayar da kayan da ba nasa ba yana da irinta. Da kamfani irin Nintendo, wanda ya faro da buga karta a Kyoto a 1889 kuma ya sauya sana'a ba sau ɗaya ba, zai fitar da 'yar na'ura mai arha ta halal da tsofaffin wasanninsa don ƙasashe irin namu, da ni ne farkon mai sara. Ban ga alamar yana duban wannan ɓangare ba.

Kasuwar kuma ƙarama ce, ba na ruɗin kaina. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu ya fara raina abin, yana son wasan harbi da ake haɗuwa da abokai ta intanet, kuma tsofaffin wayoyi na ƙara saukowa hannun ƙanana kowace shekara. Tsakanin shekara shida da sha ɗaya ne kawai ake da mai wasan, sai kuwa uwar da ke bayansa.

Dozin guda na saro, bisa shawarar Kawu, na ba wata tsohuwar dillaliya da ta saba da gidanmu. Bayan mako biyu ta dawo da kuɗin guda bakwai, da biyu da aka maido saboda maɓalli ya maƙale, da uku da ba su shiga ba. Tana kwance bakin zanenta tana ƙirga kuɗin ta ce, "Ɗan nan, biyu daga ciki fa ba yara aka saya wa ba." Amare ne, waɗanda mazansu ba su yarda su riƙe babbar waya ba, suna wuni su kaɗai a ɗaki daga safe har magariba. Ɗayarsu ta aiko a tambaye ni ko akwai mai ludo a ciki. Ni da Kawu ba wanda ya kawo su a lissafi. Ya ce in kai wa mai gyara guda biyun, in riƙe ukun zuwa jajibirin Sallah, kada kuma in ƙara saro ko ɗaya sai gero ya shigo gida, sannan idan na koma Kano in tambayi mai ludon.